Za Mu Bi Ta Garin

Akwai wani mutum da na sani, mataimakin shugaban wata makarantar sakandare, wanda malamai da ɗalibai suke kira Malam Kan-Lokaci. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke ɓace mini yanzu, amma laƙabin ya zauna don ya dace da shi. Shi ke tsara jadawalin darussan makarantar duka, kuma shekara goma sha bakwai ba a taɓa samun malamai biyu sun yi karo a ƙofar aji ɗaya ba. Mutum ne mai riƙon amana, mai kula da iyalinsa. Aibinsa ɗaya ne: in ya riga ya ja layi a takarda, ya fi ƙaunar layin nan a kan mutumin da aka ja shi dominsa.

Shekarar da babbar 'yarsa ta gama sakandare, ya ƙudurta zai kai iyalinsa wata ƙasa a dogon hutu, lokacin da ƙasar take cikin zafinta. Kwana goma sha biyu, yanki uku. Za su fara da bakin teku, su wuce yankin duwatsu, su ƙare a wani tsohon birni, daga can su hau jirgin sama zuwa gida. Su biyar ne: shi da matarsa, da 'ya'yansa mata biyu, Babba da Auta, sai mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna.

Tun saura wata huɗu ya ƙwace teburin cin abinci. Ya shimfiɗa taswira a kai, ya danne kusurwoyinta da kofuna uku da gwangwanin sukari, iyali suka koma cin abinci a kan cinya.

“Malam, yaushe za a sallami teburin nan daga aiki?” in ji matarsa.

“Ranar da muka tashi.”

“To Allah ya sa muna da sauran cinya.”

Wata Asabar da yamma ya tara su. Ya raba farar takarda gida uku, ya rubuta a saman kowane gida: Dole, Ana So, In Da Hali. Haka yake yi wa malamai a makaranta. Kowa ya faɗi buƙatarsa, ya kuma faɗi gidan da za a sa ta.

Babba ta ce kwana huɗu a bakin teku, dole. Auta ta ce akwatin nan mai tafiya a jikin waya har ƙolin dutse, dole, dole, a rubuta sau biyu. Matarsa ta ce kasuwar tsohon birni, ana so, amma in aka hana ta za a ji a jiki.

Inna tana kujerarta ta bakin taga. Auta ta juya wajenta.

“Tsohuwa, ke fa? Ko a bar ki gadin gida?”

“Ja'ira. Na yi gadin ubanki shekara ashirin, ya ishe ni.” Aka yi dariya. Sai ta sunkuyar da kai, ta kama gefen mayafinta tana murzawa. “Akwai 'yar'uwata a can.”

Kowa ya san labarin Inna Ƙarama, ƙanwar Inna ciki ɗaya. Aure ya kai ta ƙasar tun tana yarinya ɗanya. Rabon da su haɗu tun rasuwar mahaifinsu, shekara ashirin da shida ke nan, ko da bakwai, ban riƙe ba. Sai dai gaisuwa ta waya, suna ihu kamar masu kiran juna daga tsallaken kogi. Inna ta ciro wani tsohon ambulan mai sunan garin a bayansa. Malam ya bi taswira da yatsa har ya same shi: ɗigo ne ɗan mitsitsi a kan layin dogo, tsakanin teku da duwatsu.

“A wane gida zan sa, Inna?”

“In da hali dai, ɗan nan. Kada in ɓata muku shiri.”

Ya rubuta a gida na uku, ya ja layi.

Matarsa ta tare shi a kicin. “Malam, ka taɓa jin Inna ta ce dole a kan abin da ya shafe ta? Ranar da ƙafarta ta kumbura kamar tulu, cewa ta yi in da hali a kai ta asibiti.”

“Na tambaye ta, ta ba ni amsa. Ni da abin da aka faɗa nake aiki.”

“Wata maganar ba a baki take ba.”

“To ba ni da gidan da zan rubuta ta.”

Jirgin ƙasa iri biyu ne ke bin layin. Akwai mai sauri, wanda yake kai mutum duwatsu cikin awa huɗu ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi. Akwai mai tsaye-tsaye, wanda yake sauke mutane a garin Inna Ƙarama, amma wanda ya sauka sai ya kwana, don na gaba sai washegari. Kwana ɗaya ke nan ya tafi. Kuma kwanan nan shi ne ranar da aka ba su ta hawa dutse.

Kada in zalunce shi, ya gwada. Yamma biyu ya yi yana rubutawa yana gogewa. In ya rage teku, ya taɓa dolen Babba. In ya matsar da dutse, masaukin tsohon birni ya goce. Da ya cire ɗigon nan kuwa, sai komai ya zauna daram, kowace rana ta shiga cikin 'yar'uwarta kamar haƙoran zif. Ya daɗe yana kallon takardar, yana jin daɗin kyanta. Ya ɗauki abin gogewa ya share gida na uku.

Saura mako guda, Inna ta zo ta tsaya a bakin teburin, ta dafa kujera.

“An samu halin kuwa?”

Bai ɗago kai ba. “Ranar Talata za mu bi ta garin, Inna.”

Kunnen Inna ya yi nauyi. Fuskarta ta washe irin yadda bai taɓa gani ba tun yana yaro. “Za mu biya? Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya ba ka masu yi maka.”

Ya buɗe baki. Harafi biyu ne kacal tsakanin abin da ya faɗa da abin da ta ji, kuma gyaran bai fi numfashi ɗaya ba. Sai ya ce, “Amin.” Ya gaya wa zuciyarsa ai bai yi ƙarya ba, jirgin ta garin zai bi. Zai yi mata bayani in sun isa teku, hankali kwance.

Ba a jima ba ya jiyo ta daga ɗakinta tana ihu a waya. “Talata! Jirgin rana! Na ce za mu biya! Ki daina kuka mana, sakarya!”

Matarsa ta kawo masa shayi ta ajiye a gefen taswira. “Ka kyauta, Malam. Na yi maka mummunan zato, ka yafe ni.” Ya karɓi shayin, ya karɓi yabon.

Kwana huɗu suka yi a bakin teku. Kullum da safe yakan ce yau zai gaya mata, kullum sai ya same ta zaune a baranda tana ƙirga kwanaki da yatsu, ya ce gobe. Maganar da ba a faɗa ba kamar ƙaya ce a tafin ƙafa, kowane taku ƙara shiga take yi.

Ranar Talata Inna ta riga kowa shiryawa. Ta sa sababbin kaya, ta ɗaura ɗankwali har sau uku kafin ya yi mata. A cikin jirgi ta ƙi yarda a ɗora jakar tsarabarta a sama, ta rungume ta a cinya. Auta ta ce, “Tsohuwa, yau kin fi mu kyau, wa za ki ƙwace?” Ba ta ma ji ba. Idonta yana kan taga.

“Saura nawa, ɗan nan?”

Ya duba agogo. Ya san mintin da jirgin zai ratsa tashar, don yana cikin takardarsa. “Saura minti goma,” ya ce, muryarsa kamar ta wani.

Ta miƙe tun da sauran lokaci, ta dafa gilashi. Gidaje suka fara bayyana, sai wata makarantar firamare, sai tankin ruwa. Jirgin bai rage gudu ba. Ga tasha, ɗan gini mai rawayan fenti. A bakin dandamali wata tsohuwa ce zaune a kujerar roba, da farin mayafi, wata mata tana riƙe mata lema. Tsohuwar ta yunƙura ta tashi, ta ɗaga hannu ɗaya. Malam ya ga fuskarta sarai. Fuskar Inna ce, sai dai ta fi ƙanƙanta.

Numfashi uku, ba ƙari. Sai gonaki.

“Malam, bai tsaya ba!” in ji matarsa. “Malam, yi magana da ma'aikacin jirgi, sun wuce da mu!” Da ta dubi fuskarsa sai ta gane.

Inna ta jima a tsaye. Da ta janye hannunta, shatin tafinta ya zauna a jikin gilashin. Ta zauna a hankali, ta gyara jakar a cinyarta, ta dube shi ba fushi ba hawaye.

“Ashe bi ka ce.”

Ya shiga zuba magana. Ya ce lokaci ne ya ƙure, ya ce in sun gama da duwatsu zai duba, ya ce baɗi ma rana ce.

“Ba komai,” ta ce. “Ci gaba da tsarinka.”

Kuma ya ci gaba. Wannan ne abin da na kasa fahimta a labarin nan, kuma shi ma ya ce mini bai fahimta ba. Tashar gaba awa biyu ce, da ya so da sun sauka sun juyo. Amma ta ce ba komai, shi kuma da abin da aka faɗa yake aiki. Suka hau dutse ranar da aka rubuta, suka ga kasuwa ranar da aka rubuta, suka dawo gida ba su makara ko sau ɗaya ba.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. In ya ce, “Hutu mai zuwa zan kai ki,” sai ta ce, “Allah ya kai mu.” Wata bakwai bayan haka aka bugo waya Inna Ƙarama ta rasu. Inna ta bi ta kafin shekara ta zagayo.

Bayan an share makoki da 'yan watanni, ya tafi ƙasar shi kaɗai, ya hau jirgi mai tsaye-tsaye. 'Yar Inna Ƙarama ce ta tarbe shi a tasha, matar nan mai riƙe lema. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya. Ya ce ya zo neman gafara ne, ko da a bakin kabari.

“Gafarar me, Yaya? Ai Inna ta bugo mana tun a ranar. Ta ce laifinta ne, kunnenta ne ya ci amanarta, kai ka faɗa mata daidai.”

Ya kau da kai, ya dubi layin dogo.

“Matsalar dai Mama ce,” matar ta ci gaba. “Ka san mantuwa ta riga ta kama ta. Na gaya mata ba za ku zo ba, ta yi kuka, ta haƙura. Da gari ya waye sai na same ta ta yi wanka ta sa farin mayafi, wai Yayarta ta ce Talata, jirgin rana. Na ce Mama yau Laraba. Ta ce ƙarya nake yi. In na hana ta, ba ta cin abinci. Sai na riƙa kawo ta.”

Mu da mantuwa ta fara ziyarta mun san wannan. Abin da aka gaya maka jiya ya gudu, abin da zuciya ta ƙulla ya ƙi tafiya.

“Kwana nawa?” ya tambaya. Harshensa bai iya wata tambayar ba.

“Har ta kwanta ciwo. Mai sharar tasha ma ya saba, shi ke fito mata da kujera. In jirgin ya taho sai ta tashi ta ɗaga hannu. In ya wuce ta ce, ‘Ba yau ba ne ashe. Yaya ba ta saɓa magana. Mu je mu dawo gobe.’”

Suna tsaye a nan ƙarfen dogo ya fara rawa. Mai sauri ne. Ya taho da iskarsa da ƙararsa, tagogi suna wucewa fal da fuskokin mutane, ba wadda ido zai iya riƙewa. Malam Kan-Lokaci ya tsaya yana duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani. Sai da jirgin ya ɓace, tashar ta yi tsit, matar ta taɓa kafaɗarsa.

“Yaya,” ta ce a hankali, “sauke hannunka.”

Darasin da ke cikin wannan labari, ya kai mai karatu, shi ne ka koyi jin maganar mutanen da ba su iya roƙo ba. Iyaye da dama sun shekara suna danne buƙatarsu har bakinsu ya manta yadda ake cewa dole, kuma in da halinsu ya fi dolen wani nauyi. Kada kuma ka fake da kalmar da ka san an ji ta ba daidai ba, domin wanda ya ga an fahimce shi a karkace ya yi shiru, ya yi ƙarya ko da bakinsa bai furta ta ba. An yi tsari ne don mutane. Teku da dutse suna nan inda aka bar su, za su jira ka shekara ɗari. Tsofaffi ba sa jira, ko da sun so.