Wanzamin da Ya Ci Gardama

A zamanin da, tun ana tafiyar wata guda kafin a taka iyakar wata ƙasa, an yi wani sarki mai kyauta, mai son raha. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ya fi tunaninsa sauri.

Wata rana da damina ruwa ya tsare fadawa da fatake a zauren fada tun hantsi. Hira ta ƙare, har an fara hamma. Sai Sarki ya ce, "Ga baƙi daga ko'ina a gabana. Kowa ya tashi ya yabi ƙasarsu, mu ji wadda ta fi. Wanda ya ci, na ba shi raƙumi da riga da 'yan rakiya, a kai shi gida ya huta da baƙunci."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba kowane baƙo ke marmarin gida ba. Da a tambayi mutum tukuna."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Waziri, kai ko zuma aka miƙa maka sai ka nemi ƙudan da zai harbe ka. A fara!"

Wani farken goro daga kurmi ya ce a ƙasarsu doya ɗaya kan ciyar da gida kwana uku. Aka ce masa ai shi ya sa duk wanda ya fito daga can yake tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ciki. Wani mai raƙuma daga sahara ya ce su ba su san sauro ba. Aka ce gaskiya ne, wurin da sauro ma ya ƙi zama ai ba a jayayya da shi. Fada ta kaure da dariya.

Can baya akwai Baba Mele, Sarkin Aska, wanzamin Sarki. Ya zo birnin daga ƙasar Bakin Tafki yana ɗan shekara goma sha biyar, ga shi ya shekara hamsin a ciki. Matarsa Tasalla 'yar garin ce, ba su da ɗa a raye, kuma shekara uku ke nan ƙafafunta sun shanye. Shi ke ɗaukar ta ya fitar da ita rana kowace safiya. Ba shi da niyyar buɗe baki.

Amma akwai Hammadi, dillalin shanu daga ƙasar Tsauni, kuma mutanen Tsauni da na Bakin Tafki abokan wasa ne tun kaka da kakanni. A al'adarsu, in abokin wasa ya tsokane ka a cikin taro ka yi shiru, ka zubar da girman danginka duka. Hammadi ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a wahalar da tsohon can. Me ke ƙasarsu ban da laka da warin bandar kifi? Da da daɗi, ai da bai gudo ba."

Baba Mele ya ajiye askarsa ya ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce cikin ƙwarya ba, zauna ka ji." Ya faɗi tafkin da ba a hango ɗaya gaɓarsa, da tsuntsayen da ke tare rana in sun tashi, da masarar da ake shukawa a bayan ruwa ta nuna ba tare da ɗigon sama ba. Ya faɗi yadda uwarsa ke gasa kifi a bakin jirgi tana kiran sunansa. Ni dai a ganina rabi ya tuna, rabin kuwa shekara hamsin ce ta zuba masa gishiri.

Sarki ya share ido ya ce, "Ka ci, Baba. Jibi za ka tafi gida."

Tsoho ba ya son tafiya, amma ba halin ya ƙi. A ƙasar nan mayar da kyautar sarki daidai yake da zagin gadon sarauta, don haka ya faɗi ya yi godiya. Da ya faɗa wa Tasalla, wadda ko awa ɗaya ba ta iya yi a kan raƙumi, sai ta ce, "Malam, bakinka ya ja mana. To wa zai riƙa fitar da ni rana?" Ya bar ta a hannun maƙwabta.

Ranar tafiya Waziri ya raɗa masa, "Tafi da zabirarka, kada ka ba kowa." Domin a dokar fadar ba mai ɗora aska a kan sarki sai Sarkin Aska, kuma ba a naɗa sabo sai tsohon ya miƙa jakar askarsa da hannunsa a gaban sarki.

Aka yi mako biyar, suma ta cika kan Sarki, tana ƙaiƙayi a ƙarƙashin rawani. Ya ce a naɗa wani wanzami. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, zabira na Bakin Tafki tare da mai ita. Matarsa kuwa na nan kwance, ba ta ci, ba ta magana."

Sarki ya ce, "Yana da mata a nan? Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Na fara faɗa, aka yi mini zancen zuma."

Sarki ya ce, "Magana ta cika, an kai shi gida. Yanzu aiki ke kiransa. A aika Hammadi, tunda shi ya tono wannan."

Hammadi, wanda tun ranar bai sake yin dariya ba, ya tafi ba ya ko tsayawa cin kasuwa. Ya tarar da tsohon zaune a gindin wata ƙaya. Tafki ya ja baya tafiyar yini guda, garinsu ya zama kufai. A ƙauyen da ke kusa ba wanda ya san sunan ubansa, har dariyar harshensa suke yi, suna kiransa Baƙo. Suka juyo tare, suka iso birni kwana tara bayan an binne Tasalla.

Sarki ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na ba ka abin da ya yi mini daɗin bayarwa, ban tambayi abin da kake so ba." Ya mayar masa da sarautarsa, ya ɗora wa Hammadi ciyar da shi har ƙarshen ransa, kuma ya sa aka yi shela cewa daga ranar ba a yi wa kowa kyauta a fada sai an tambaye shi, in ya ce a'a babu laifi. Doka ce mai kyau, har yau ina jin takaicin abin da aka biya kafin a same ta.

Baba Mele ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. Ni ma da na haɗiye maganata." Ya yi wa Sarki aski tas. Da ya gama ya roƙi a nuna masa inda aka sa matarsa. Ya zauna a gefen kabarin har la'asar, yana ba ta labarin ƙasarsu yadda ya same ta, bai ƙara gishirin ko kalma ɗaya ba.