Ranar da Aka Kai Ƙarar Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya ta iso.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma ta zauna.

To, ku matso kusa. Can da, Rana da Wata 'yan ɗaki ɗaya ne. Rana ce babba, Wata ƙaninta. Rana ke aikin yini, Wata ke aikin dare. Wata yana da mata, Zara, tauraruwar nan mai haske da ke riga sauran fitowa da magariba. Zara kunya gare ta, ba a magana. Tun da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. In za ta ambace shi, sai ta sunkuyar da kai ta ce “shi”.

A ƙasa kuma akwai wani gari, Rafin Duma. Matan garin sana'arsu ƙwarya. Su shuka duma, su fafe, su kankare, su yi mata zane. Suna da al'ada guda. In daren sha huɗu ya zo, Wata ya cika, sai wani lokaci a ga duhu yana cin sa, yana cin sa, har ya yi ja kamar garwashi. Sai gari ya ɗauka: Rana ta kama Wata! Kowace mace ta fito da ƙwarya da muciya, a yi ta bugu, ana waƙa:

“Rana, Rana, sakar mana shi,
Ƙaninki ne, ba ɓarawo ba ne.”

A yi ta bugu, a yi ta bugu, har Wata ya washe. Gari na wayewa, ga sakaina ko'ina a tsakar gida.

Aka yi na farko, ƙorai suka fashe. Aka yi na biyu, ƙorai suka fashe. A na uku sai babbar ƙwaryar Magajiya Tasalla, shugabar matan garin, ta rabe biyu. Ita ce ƙwaryar da uwarta ta ba ta ranar aure.

Magajiya ta zauna daɓas, ta ce, “Ni kam na gaji. Yaron nan Wata ba ya jin magana. Kullum sai ya tare wa yayarsa hanya ta cafke shi, mu kuma mu yi asara. Ita Rana wa ya taɓa ganin ta shiga rigima? Ku tashi mu kai shi ƙara.”

Suka ɗunguma sai wurin Alƙali Hadari, wanda kan zauna shari'a a gabas in damina ta kusa.

Hadari ya yi gyaran murya, ƙasa ta girgiza. Ya ce, “Me kuke so?”

Magajiya ta ce, “Allah ya gafarta malam, a sauke Wata daga aiki. Mun yarda mu zauna da fitilunmu.”

Aka kira Rana. Ta ce, “Ni ba ruwana. Amma kowa ya san fuskata ba ta taɓa yin baƙi ba. Ƙanina ne dai, yau lafiya gobe ba lafiya.”

Aka kira Wata. Ya sosa ƙeya ya ce, “Allah ya gafarta malam, ni ban san yadda ake yi ba. Ina cikin tafiyata sai in ga duhu ya lulluɓe ni.”

Hadari ya ce, “Kwana uku na ba ka. Ka kawo shaidar cewa ba kai kaɗai ke wannan abu ba. In ba ka kawo ba, ka ajiye aiki.”

Kun san abin da wannan ke nufi? Babu farin wata. Babu gaɗa a dandali, babu langa, babu zaman da muke yi yanzu.

Wata ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska bango. Aka kawo tuwo ya ƙi ci. Aka dama fura ya ƙi sha. Ya rame, ya rame, ya koma kamar lauje. Zara ta dube shi. Ta ɗauki mayafinta, ta sauko ƙasa.

Ranar farko ta je wurin Kunkuru a gindin dutse.

Ta durƙusa. “Sannu da hutawa, Baba.”

Kunkuru ya leƙo da kai. “Wace ce?”

“Ni ce, ta gidan... ta gidan shi.”

“Shi wa?”

Zara ta ɗaga ido sama, ta yi maza ta sauke.

“Au, matar Wata! Me ke tafe da ke, 'yar nan?”

“Baba, ka taɓa ganin Yaya Rana ta yi duhu?”

Kunkuru ya ce, “Shekarata ɗari da ashirin a gindin dutsen nan. Na mijinki kam na gani, na ƙirga da zanen bayana har zanen ya ƙare. Na Rana kuwa ban taɓa gani ba. Ana dai cewa gefenta kan ɗan gutsure wani lokaci, amma wa ke iya ƙura mata ido?”

Zara ta yi godiya, ta tafi.

A rana ta biyu Zara ta je wurin tsohuwar Kuka a bayan gari.

Ta durƙusa. “Sannu da hutawa, Kaka. Kin taɓa ganin Yaya Rana ta yi duhu?”

Kuka ta kaɗa rassanta a hankali. Can ta ce, “Shekarata ɗari huɗu a tsaye nan. Na gani sau ɗaya. Da azahar ce, kaji suka shige akurki, jemagu suka fito daga kogona, wani mai noma ya jefar da fartanya ya haye kaina yana salati. Kafin a gama tafasa ruwa ta buɗe. Amma jikata, sau ɗaya a shekara ɗari huɗu, wane alƙali zai saurare ki?”

Zara ta yi godiya, ta tafi.

A rana ta uku Zara ba ta san inda za ta ba. Ta zauna a kan wata katanga, ta rufe fuska da mayafi. Sai ta ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a samanta. Shamuwa ce, isowarta ke nan daga tafiya, tana jera ƙirare a kan tsamiya.

Shamuwa ta ce, “Ke kuma wa ya mutu?”

Zara ta gaya mata komai.

Shamuwa ta kwashe da dariya har ƙirarenta suka zube. “Wa kika tambaya? Kunkuru da Kuka? Ɗaya bai taɓa wuce gindin dutse ba, ɗaya ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba! Ƙawata, shekara ba ta fita sai Rana ta yi duhu sau biyu, wata shekarar ma ya fi. Ni na gani a bakin teku. Ƙanwata ta gani a kan dogayen duwatsun kudu. Na hamada kuwa, inda babu kowa sai yashi, tsuntsaye ne kawai ke ba da labarinsa.”

Zara ta buɗe fuska. “To me ya sa mutane ba sa gani?”

“Duhun nata siriri ne, kamar turbar awaki. Ina cikinsa tsundum, ƙanwata da ke can gaba tana shanya fiffike a rana. Na mijinki kuwa, duk wanda dare ya same shi zai gani, daga nan har bangon duniya.”

“Me ya sa haka?”

“Oho! Ni matafiya ce, ba malama ba. Shaida dai zan ba ki.”

Magariba ta yi. Zara na nan kan katanga tana tunani. A gidan da ke ƙasa wata mata ta hura wuta, yaranta sun kewaye murhu. Matar ta ɗauki faifai ta gilma gaban wutar. Zara ta lura inuwar faifan fuskar yaro ɗaya kawai ta rufe. Matar ta matsa, ta tsaya tsakanin wutar da wata farar ƙwarya da ke rataye a bango. Ƙwaryar ta yi baƙi gaba ɗaya. Zara ta kalla, ta sake kalla. Sai ta miƙe tsaye.

Washegari zauren shari'a ya cika. Ga Rana, ga Wata a rame, ga matan Rafin Duma da sakainarsu a hannu.

Shamuwa ta ba da shaida, ta faɗi na teku, ta faɗi na duwatsu, ta faɗi na hamada.

Rana ta harare ta. “Wannan mai ƙafa kamar tsinken tsintsiya za a yarda da ita? Wa ya raka ta tekun?”

Magajiya ta ce, “Mu dai ba mu gani ba.”

Hadari ya fara gurnani, zai yanke hukunci. Sai aka ji wata ƙaramar murya daga bayan ƙofa.

“Allah ya gafarta malam...”

Hadari ya ce, “Ɗaga murya, 'yar nan. Tsawa ta gama da kunnena.”

Zara ta shigo, kanta a ƙasa. Ta ce a kawo mata wuta a kasko, da farar ƙwarya, da faifai. Ta roƙi alƙali ya ɗan baza baƙar rigarsa. Ya baza, zaure ya yi duhu, sai hasken kasko.

Ta rataye ƙwaryar a bango. Ta ce, “Wutar nan Yaya Rana ce. Ƙwaryar nan kuma shi ne. Inna Magajiya, don Allah ki tsaya nan tsakaninsu.”

Magajiya mace ce mai jiki, masha Allah. Tana tsayawa, ƙwarya ta yi baƙi ƙirin.

Zara ta ce, “Wa ya ga ta yi duhu?”

Zaure duka ya ce, “Mun gani!”

“To wa ya kama ta? Wutar ta motsa?”

Kowa ya ƙura wa bango ido. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, “La! Ai inuwar Magajiya ce!”

Dariya ta ɓarke. Magajiya ta yi tsalle gefe, ƙwarya ta koma fara tas.

Zara ta ce, “Haka abin yake. Daren sha huɗu Yaya tana can, shi yana nan, ƙasar da kuke takawa tana tsakani. In suka daidaita sak, inuwar ƙasarku ce ke faɗa masa. Yaya ba ta taɓa kama shi ba. Kuma da yake shi kansa ne ke yin duhu, kowa na gani.”

Rana ta gyara zama. “Ku ji fa! Shekara da shekaru ana buga mini ƙwarya a kunne, ana ce mini mai kamun ƙaninta!”

Zara ta ɗauki faifai, ta riƙe shi gaban kasko. Inuwarsa ta sauka a fuskar Magajiya.

“Wa ya daina ganin wuta?”

Magajiya ta ce, “Ni.”

“Sai wa?”

Zaure ya ce, “Mu muna gani sarai!”

Zara ta matsar da faifan, inuwa ta bar Magajiya ta koma kan Shamuwa. Ta ce, “Na Yaya ke nan. Yana faruwa duk shekara, amma sai wanda inuwar ta bi ta kansa. Kafin ta sake biyowa ta Rafin Duma, jikokin jikokinku sun yi furfura.”

Hadari ya sunkuyo. “Na gane wuta, na gane ƙwarya. Faifan fa? Wa ke gilmawa gaban Rana?”

Zara ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi.

“Ke nake tambaya.”

“Wani ne. In ƙarshen kwanakinsa ya zo, yakan je gaishe da yayarsa.”

“Wane wani? Shari'a ba ta san wani ba. Suna nake so.”

Zara ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa. Babu wurin gudu. Aikin mijinta na rataye a kan kalma ɗaya, kalmar kuma ba ta fita daga bakinta. Can ta ce a hankali, “Allah ya gafarta malam, in namiji ne akan ce wani. In mace ce fa?”

Zaure duka ya ɗauka baki ɗaya: “Wata!”

Wata ya zabura. “Na'am! Ni?”

Rana ta kama baki. “Au! Ashe kai ne ke tare mini fuska, ɗan nema? Ni ina ta ɓoyewa, na zaci ciwo ne!” Ta kai masa duka da gefen zane, tana dariya.

Magajiya ta durƙusa. “Allah ya gafarta malam, mun janye. Ashe inuwarmu muka kawo ƙara.”

Hadari ya ce, “Wata, koma bakin aikinka. Ka kuma ci abinci, ka yi ƙiba.” Ya so ya daure, ya kasa. Ya fashe da dariya, ya yi ta dariya, ya riƙe ciki, har hawaye suka zubo masa. Hawayen nan su ne ruwan farko na shekarar. Yara suka fita tsakar gari suna tsalle, manya suka ruga neman iri.

Da magariba sama ta washe. Ga jinjirin Wata ya fito a yamma, siriri, yana murmushi. Ga Zara a gefensa, ba ta matsa sosai ba, ba ta kuma yi nisa ba. 'Yan mata suka share dandali, aka kafa gaɗa.

To kun ji. Abin da kake gani daga ƙofar gidanku ba shi ne duk abin da ke faruwa ba. Kafin ka ce wane ya fi kowa laifi, ka tambayi wanda ya yi tafiya, ka kuma duba ko inuwarka ce.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. In akwai ƙarya a ciki, a bakin Shamuwa na tsince ta, ku jira damina ku tambaye ta.