Kurege da Tsohon Faifai

Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso.

Ta zo mu ji ta, muna nan zaune.

Wani gari ne na namun daji, can ƙetaren kogi. A bakin kasuwar garin Kunkuru yana da shago. A shagon akwai kwamfuta, a cikin kwamfutar akwai wani tsohon faifan ajiya, ƙarfe ne guda mai nauyin ɗan dutsen niƙa. Duk abin da mutum yake tsoron ya ɓace daga wayarsa, nan yake kawowa: hoton suna, waƙar biki, muryar wanda ya yi nisa. Faifan bai taɓa cewa ya cika ba. Aibinsa ɗaya, nawa. In an nemi abu, sai ya fara juyawa, ƙar-ƙar-ƙar, yana lalube, mai nema yana gyangyaɗi. Kunkuru bai taɓa ganin laifinsa ba, don tafiyarsu ɗaya.

Ana nan sai Kurege, abokin cinikin Kunkuru, ya dawo daga fatauci da wani abu da bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Ya ce, "Baba Kunkuru, wannan filas ne. A sa shi a gaban tsoho. Abin da aka nema yau, sai ya riƙe kwafinsa. Gobe in an sake nema, nan take zai miƙo, ba sai an ta da tsoho ba. In cikinsa ya cika, sai ya zubar da wanda aka daɗe ba a tambaya ba."

Kunkuru ya yi ta jujjuya filas ɗin a hannu har rana ta ɗan karkata. Sannan ya ce, "To in an nemi abin da ya zubar fa?"

Kurege ya ce, "Sai ya tambayi tsoho."

Kunkuru ya ce, "To."

Sai aka sa filas. Mutanen garin kuwa abu uku suke nema kullum. Kura tana zuwa a sa mata waƙar da aka wasa ta a ciki. Biri yana zuwa kallon damben da ya ka da ƙanensa. Zabi suna zuwa kallon rawar bikin 'yarsu. Kafin su rufe baki, abu ya fito. Layi ya ƙare, gari ya ɗauka: Kurege ya kawo aljani mai biyayya.

Sai aka yi wa Kunkuru rasuwa a ƙauyen gaba. Ya ce zai je gaisuwa, yana sa ran dawowa kafin kaka. Ya bar wa Kurege shago.

Kurege ya zauna yana kasa kunne. Safiya ta wuce, faifai bai juya ba. Kasuwa ta ci ta watse, faifai bai juya ba. Ya ce a ransa, "Ashe tsohon nan zaman banza yake yi, yana shan wuta." Ya san asalin komai yana cikinsa, ai shi ya faɗa da bakinsa. Amma ya ce wa kansa ba mai tambaya. Da Dila ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo wucewa da amalankensa, sai Kurege ya kwance faifan ya ba shi, ya karɓi buhun gyaɗa.

Bai ci rabin buhun ba sai ga Bushiya.

Ta ce, "Malam Kurege, hoton aurena nake so. Maigida ya ce wai ba ni ce na yi murmushi a ciki ba."

Kurege ya latsa. Filas ya duba cikinsa, babu. Ya juya zai tambayi tsoho, ba tsoho. Kurege ya ce, "Inji yana mura. Ki dawo." Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tafi.

Sai ga Ungulu. Ya sunkuyo ya rage murya. "Aure nake nema. Na ce musu da can ina da gashi, sun ce ƙarya nake. Fito mini da hoton nan."

Kurege ya latsa, babu. Ya ce, "Murar ta sauka a ƙirji. Ka dawo." Ungulu ya shafa kansa ya tafi.

Sai shago ya yi duhu da rana tsaka. Giwa ce ta tsaya a ƙofa.

Ta ce, "Ɗan nan, kafin Inna ta rasu na ɗauki muryarta na kawo nan. Tun ranar ban iya saurara ba. Yau na tashi ina jin zan iya."

Kurege ya dubi ƙafarta, ya dubi faɗin shagon, ya ga mura ba za ta yi aiki ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki rufe ido, murya ta fi shiga haka." Ta rufe. Sai ya zagaya bayan labule, ya tura kansa cikin tulu, ya kumbura murya.

"'Yata, 'yar albarka. Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka."

Giwa ta buɗe ido. Ta ce, "Wannan wace ce?"

Kurege ya fito da ƙura a gemu. "Inna ce, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Inna ba ta taɓa ce mini sannu ba." Sai ta juya ta zauna a bakin ƙofa, ta bar 'yar kafa daidai wucewar kurege. Ta ce, "Ina jira."

Kurege ya fita da gudu. Ya sami Dila yana awon ƙarafa. Dila ya ce, "Ai Kura ta saye, ta ce abu mai nauyi haka ba ya rasa ɓargo." Ya sami Kura ta ɗaure muƙamuƙi da tsumma. Ta ce, "Na gatsa, haƙorina ya tafi. Na jefa gidan Agwagwa." Ya sami Agwagwa ta danne jinkar ɗakinta da shi.

Ya ce, "Gwaggo, ki taimake ni."

Ta ce, "In na ba ka, da me zan danne jinka?"

Ya kawo mata sauran gyaɗar, ta ce gyaɗa ba ta danne jinka, amma ta karɓa. Ya turo mata dutse daga bakin kogi, ta ce ya yi kaɗan. Ya turo wani, ta ce ya yi yawa. Ya turo na uku tafin hannunsa duk ya saɓule, ta ce bai kai faifan kyau ba, amma ya ɗauki faifansa ya tafi.

Ya jawo faifai har shago, gefensa ɗaya a lotse da shatin haƙori. Ya mayar, ya ɗaure, ya latsa. Shiru. Sai ƙar. Sai ƙar-ƙar-ƙar. Kurege bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Aka jira, aka jira. Sai wata tsohuwar murya ta cika shagon.

"Ke! Wa ya bar tukunya a buɗe? Mene ne kike nuna mini a baki? Kawar da abin nan, ki je ki ɗebo ruwa. Ƙatuwar banza, kin ci abinci kuwa?"

Giwa ba ta motsa ba. Hawaye ya gangaro ta hancinta ya jiƙa tabarma. Ta ce, "Ita ce. Sake sa mini."

Ya sake latsawa. Wannan karon faifai bai ko juya ba, filas ya riga ya riƙe, nan take Inna ta hau faɗa. Giwa ta sa aka maimaita har la'asar, sannan ta tashi, haske ya dawo shago.

Bushiya ta sami hotonta, kuma ba ta yi murmushi a ciki ba. Na Ungulu kuwa yana daidai wurin da Kura ta gatsa. Aka nema, aka nema, bai fito ba, auren ma bai yiwu ba.

Bayan kaka Kunkuru ya dawo. Ya dubi lotsewar faifan, ya dubi hannun Kurege. Ya ce, "Lafiya aka yi?"

Kurege ya ce, "Lafiya lau."

Kunkuru ya ce, "To."

Kun ji, yara. Aljihu yana da saurin miƙowa, amma abin da ke cikinsa daga rumbu aka ɗebo. Kome daɗin aljihu, kada ka sayar da rumbu don ka ga an kwana biyu ba a buɗe shi ba.

Ƙurunƙus kan kurege. Ba don Giwa ta tare ƙofa ba, da ni ma na ce tatsuniyar tana mura.