Ƙwallo na Shida Bai Fito Ba

Akwai wani dattijo a wani asibiti, aikinsa gwada na'urar PET, mai ɗaukar hoton cikin jiki don gano ciwon daji tun yana ƙarami. Ana ce masa Mai Tulu, saboda tulun robar da yake gwajin da shi.

Cikin tulun akwai ƙwallaye shida, ƙaraminsu bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Sai ya cika su da ruwan allurar da ake yi wa marasa lafiya kafin hoto, ya kwantar da tulun a gadon na'ura kamar mutum. In shida sun fito a hoto, na'ura lafiya lau.

Wata safiya biyar suka fito. Ya sake. Biyar.

Ya sami babban likita a ofis.

"Ranka ya daɗe, ƙaramin bai fito ba. A tsayar da ita a gyara."

Likita ko ɗago kai bai yi ba. "Ka leƙa baranda? Mutum talatin. In kore su saboda ƙwallon wasanka?"

"Abin da ba ta gani a tulu ba, ba za ta gan shi a jikin mutum ba."

"Baba, ni na yi karatun ko kai? Sa hannu a takarda cewa lafiyarta lau."

Ya ƙi. Likita ya sa da kansa, ya tura shi ɗakin ajiya, wurin ninke zannuwan gado.

A makon nan likita ya kawo yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mai Tulu ya tare shi a ƙofa.

"Kai ta wani asibitin."

"Har yanzu kai da tulunka?" Ya wuce yana dariya.

Hoto ya fito fes. Yaya ta tafi gida tana cewa, "Ƙanena ya duba ni, ba komai."

Bayan wata tara aka dawo da ita a kwance. Ciwon ya gama jiki. Sati uku ta yi, ta rasu.

Da aka tashi zaman makoki, likita ya shigo ɗakin ajiya, idanu jajur.

"Baba, ɗauko tulun."

Aka gwada. Huɗu suka fito.

Likita ya dafe bango. "Na kashe Yaya."

Mai Tulu ya goge tulunsa. "Ita ka san gidanta. Sauran da ka sallama fa?"

Darasi: In mai gwaji ya ce a tsaya, a tsaya. Girman kujera ba ya gyara na'ura. Ku tura wa duk mai sa hannu a kan abin da bai duba ba.