Kurege a Kan Kwanon Hajiya Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

Hajiya Ɓauna ce mai zoɓo da ƙanƙara a bakin kasuwa. Kullum a ɗauke wuta, kullum ƙanƙara ta narke. Sai ta ce sola za ta saka, ga shi saura mako guda sunan jikanta.

Aka kira mata Ƙadangare, gwanin haɗa sola a garin. Ya hau kwano, ya zagaya, ya sauko.

"Hajiya, me da me za ki kunna?"

"Firiza, fanka, da fitilu."

"To faranti shida, babban batir, da inbata, na'urar juya wutar batir, mai ɗaukar firiza. Inda rana ke bugawa za a kafa. Ladana buhun gyaɗa uku."

Ashe Kurege yana bayan danga yana ji. Ƙadangare na fita, ya faɗo gidan.

"Buhu uku? Haba Hajiya! Ni ɗaya ya ishe ni."

"Ka taɓa yi wa wani?"

"Ni na yi wa Zaki."

"Mu je in gani."

"Ai Zaki ba ya son baƙi."

Araha ta ja Hajiya, ta ba shi buhu. Ya kawo tsofaffin faranti biyu, da batirin babur, da waya siririya kamar zare. Ya hau, rana ta gasa shi, sai ya ja farantan can ƙarƙashin inuwar mangwaro. Ya ɗaura waya, ya tsinki mangwaro. Ya ɗaura waya, ya tsinki mangwaro.

Ranar suna gida ya cika. Aka buɗe firiza, zoɓo kamar shayi. Mata suka fara ƙus-ƙus. Hajiya ta sa aka nemo Kurege.

"Ɗan nan, hau ka duba mana."

Yana hawa ta janye tsani. Ga azahar, ga kwano ya yi zafi zau. Kurege ya ɗaga wannan ƙafa, ya ɗaga waccan, ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan.

"Hajiya, tsani!"

"Ai a wurinka inuwa na ba da wuta. Tsaya sai ta kawo."

Can ya hango Ƙadangare a kan katanga yana shan rana. Kun dai san shi, ko sauro ya wuce sai ya gyaɗa kai.

"Maigida! Ba kai ka aiko ni in nuna wa Hajiya aikin banza, don ta san darajar naka ba?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Kin gani? Ba kai ka ce in cinye buhun ba?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Hajiya ta juya za ta tambaye shi, Kurege ya kama reshen mangwaro, ya dira bayan gida, sai rami.

Da Ƙadangare ya ji bayani ya rantse bai aiko kowa ba. Hajiya ta ce, "Laifina ne. Amma kai ma sai ka kai ni gida uku da ka yi wa aiki." Ya kai ta biyar. Ta taɓa firizarsu da hannunta, sannan ta ce bismilla.

Yanzu ku je bakin kasuwa ku gani. Ƙanƙarar Hajiya sai da guduma ake fasa ta, tana zaune tana taƙama.

Ƙurunƙus! Ba don kar in yi ƙarya ba, da na ce duk wanda ya hau muku kwano, ku fara tambayarsa ko yana shan mangwaro.