Zarton da Aka Tsoma a Ruwan Sanyi

Akwai wani kafinta a wani gari mai nisa da birni, yana da injin tsaga katako. Zarton irin wannan inji dogon ƙarfe ne siriri mai haƙora, an haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, yana ta zagaya wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A birni ana sayar da shi haɗaɗɗe, sai dai mutum ya ɗora ya kama aiki. Ana kuma sayar da shi a naɗe kamar igiya, ka yanki tsawon da kake so, ka haɗa da kanka.

Kafintan nan ɗan maƙeri ne, a gindin zugazugi ya girma. Sai ya ce a ransa, “Ni da na gaji wuta, wani ne zai haɗa mini ƙarfe?” Ya sayo naɗi guda. Ya yanka, ya goge bakin biyu, ya haɗa su da wuta, haɗi mai kyau kuwa, ba za a raina masa ba. Yana gamawa, wurin yana ja wur, sai ya tsoma shi a ruwan sanyi, ya ji ya yi cuu. Haka ya ga mahaifinsa yana yi wa wuƙa da gatari don su yi tauri, shi kuma bai taɓa tambayar kansa ko zarto gatari ne ba.

Ana nan sai wata tsohuwa gwauruwa ta zo wurinsa. Iska ta kayar da maɗacin da mijinta ya dasa a ƙofar gida shekarar da aka kawo ta, ta sa an sare gungumen an kawo a amalanke. Ƙyauren ɗakinta gara ta cinye, tsohuwar tabarma take ratayawa, ga damina ta kusa.

Ta ce, “Ɗana, ƙyaure nake so daga itacen nan. Shi kaɗai ya rage mini na hannun maigidana.”

Ya ce, “Kada ki damu, Mama. Itacen ya isa har da saura.”

Ya ɗora zartonsa, ya tura itace. Bai yi nisa ba sai ji ya yi ɗas, zarto ya tsinke, daidai wurin haɗin. Da ya tsinke kuwa ya karkace a cikin itacen, ya yage shi, katako guda ya tashi a banza. Ya sake haɗawa, ya ƙara wuta, ya tsoma a ruwa. Ya sake tsinkewa. Ya zargi inji, ya kwance shi ya ɗaure. Ya zargi mai ƙarfen, ya zargi maɗacin, har maƙwabcinsa sai da ya ɗan zarga. Bokitin ruwan nan dai yana gefensa, ko kallon tuhuma bai yi masa ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Yatsunsa duk ƙuna, bayansa ya sage, gungumen yana ta raguwa, tarin ɓarna yana ta girma a bayan shago. Gwauruwa takan biyo da sandarta ta ce, “Sannu da aiki, ɗana,” ta dubi sama inda hadari yake haɗuwa, ta wuce ba ta ƙara komai ba. Wannan shirun ya fi zagi yi masa ciwo. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Da ya ga abin da ya rage da ƙyar zai yi ƙyaure, sai ya haɗiye girman kansa ya shiga mota zuwa birni. Ya je shagon da ake sayar da zarto, mai shago ya miƙo masa haɗaɗɗe. Kafinta ya laluba wurin haɗin, ya lanƙwasa shi, yana jiran ya ji ɗas. Ƙarfe ya lanƙwasu, ya komo yadda yake.

Kafinta ya ce, “Wannan a wane ruwa aka tsoma shi?”

Mai shago ya yi dariya ya ce, “Ruwa kuma, Malam? Ai in an haɗa, sai a sake mai da shi wuta kaɗan-kaɗan, a bar shi ya huce don kansa. Wanda aka tsoma a ruwa tauri yake yi, tauri kuwa gautsi ne. Abin da zai wuni yana lanƙwasa a kan wili, me zai yi da tauri?”

Kafinta ya sayi zarton ya koma gida. Ya tsaga ragowar itacen lafiya lau, amma bai kai ba. Dole ya cike gefe guda da wani farin katako, ya shafa masa launi har ido ba zai rabe ba. Ya kai ya kafa. Tsohuwa ta bi ƙyauren da tafin hannunta a hankali, da ta zo kan cikon sai ta tsaya.

Ta ce, “Wannan ba nasa ba ne.” Sa'an nan ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Zai tare ruwa.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Wurin haɗin shi ne sulhu. Sau nawa muka zauna da dattawan ikilisiya muka haɗa wa da ƙani, miji da mata, aka yi addu'a, aka yi kuka, aka sha hannu? Haɗi mai kyau. Kafin a kai bakin ƙofa sai ɗaya ya ce, “Na yafe, amma kowa ya tsaya matsayinsa.” Wannan shi ne ruwan sanyi. Mun gaje shi daga gida, inda aka koya mana cewa taurin zuciya shi ne mutunci. Zaman tare kuwa lanƙwasa ne kullum, safe da yamma, shi ya sa wata guda ba ya ƙarewa sai mu ji ɗas, a wurin nan dai na dā. Gaskiya dattawa sun gaji, ni ma na gaji.

Sulhunmu da Allah ba mu muka haɗa ba. Yesu Almasihu ne ya shiga wutar, ya miƙo mana shi haɗaɗɗe, namu karɓa ne kawai. Amma wanda ke tsakaninka da ɗan'uwanka, a hannunka aka bar shi. Komawa wuta ta biyu ba wani abin mamaki ba ne. Gaisuwar washegari ce, da kwanon tuwon da za ka aika, da zuwa dubiya in ɗansa ba shi da lafiya, kana yi kana ba zuciya lokaci ta huce.

Ku lura kuma, zarto ana sake haɗa shi, ƙarfe yana nan a naɗe. Itacen da yake tsakani ne ba ya dawowa. 'Ya'yanku ne wannan itacen, da tsohuwar da ta haife ku, wadda take zuwa ta dube ku ta wuce ba ta ce komai ba. Wanda kuka sha hannu da shi bara yana cikin ɗakin nan yanzu, ka san bencin da yake zaune. In an tashi, kada ka bi ta ɗaya ƙofar.