Gaisuwar da Ta Ƙone Wutsiyar Burgu

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku gyara zama. Kai Ɗanliti, sauke ƙafarka daga kan ƙanwarka, in ba haka ba in naɗe tabarmata in bar muku wurin.

An yi wata Bushiya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku ƙanana, Dije da Mati da Auta, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Damina ta yi tsakiya, geron gona ko kai bai fitar ba. Bushiya ta shiga rumbu ta auna abin da ya rage, mudu sittin cif. Ta je ta dubi gona, ta ga sai an yi kwana sittin kafin a ci sabo. Ta tara yaran ta ce, "Ku buɗe kunne. Mudu ɗaya kullum, ba ƙari. Wanda ya zubar mini da tuwo, ni da shi ne."

Amma kullum in ta auno mudun nan, sai ta ɗebi tafin hannu guda ta zuba a wata 'yar ƙwarya. Dije ta ce, "Inna, wannan fa na wane ne?"

Ta ce, "Na mai yunwa ne. Mudu na tukunya, tafi na baƙo. Haka na ga uwata tana yi."

To, akwai maƙwabcinsu Burgu. Ƙato ne, kumatu taf, wuya har ya yi ninki, amma kullum bakinsa kukan babu. Ni ko sunansa na kama sai raina ya ɓaci. Kun dai san yadda ake yi, in mutum ya tarar da ku kuna cin abinci, dole ku ce masa bismilla. Shi kuma mai kunya sai ya ce alhamdu lillahi, ko ya yi loma biyu ya tsame hannu. Burgu bai san wannan ba, ko kuwa ya sani ya take.

Ranar farko, Bushiya ta kwashe tuwo ke nan, sai ga sallama. Ta ce, "Bismilla, Malam Burgu."

Ya ce, "Ashe na zo a sa'a!"

Ya naɗe hannun riga ya zauna tsakiyar yara. Loma ɗaya tasa ta fi kan Auta. Kafin Mati ya kai hannu sau uku, akushi ya koma fes. Bushiya ta cije leɓe, ta ɗebo daga ƙwaryar baƙo ta dama wa yara kunu.

Rana ta biyu ta yi sammakon girki, wai ko za su ci kafin ya farga. Ina! Hancinsa ya riga ta. Ta ce bismilla, ya ce, "Ashe na zo a sa'a!" Ya share akushi, har ya tambaya ko akwai ƙanzo. Ƙwaryar baƙo ta ƙare tas a kunun ranar.

Rana ta uku ta jinkirta har la'asar, yara suna ta hamma. Ashe yana zaune a gindin katanga yana jira. Bismilla. "Ashe na zo a sa'a!" Auta ya dubi akushi, ya dubi uwarsa, ya fashe da kuka. Bushiya ta shiga rumbu tana huci ta auno mudu na biyu, abin da ta rantse ba za ta yi ba.

Haka aka yi ta yi, mudu biyu kullum, wata rana har uku, har kwana ashirin. Ran nan ta leƙa rumbu ta auna, saura mudu ashirin, ga kwana arba'in a gaba. Ta fito ta yi jifa da mudun, ya bugi turmi ya dawo. Mati ya tambaye ta ko an gama tuwo, ta daka masa tsawar da bai taɓa ji ba. Yaro ya tsaya yana kallonta, hawaye na zuba. Sai ta jawo shi ta rungume, ita ma idonta ya cika, don ta san ba shi ya yi mata laifi ba.

Suna cikin haka sai wata tsohuwar Kurciya ta sauka a ƙofar gida, fukafukinta na rawa. Ta ce, "'Yata, kwanana biyu ban sa komai a baki ba."

Bushiya ta ɗauko ƙwaryar baƙo, wayam. Nan fa ranta ya ƙara ɓaci. Ga mai yunwar gaske ta zo, amma wani ƙato ya cinye rabonta. Ta ɗauko ɗan tuwon da ta ɓoye wa bakinta ta miƙa mata, ta ce, "Ci, Iya, ki yi haƙuri da shi. Maƙwabcina Burgu ne ya cinye mana abinci, wai ba shi da ko ƙwaya."

Kurciya ta ci ta sha ruwa, sannan ta ce, "Burgu? Ni da nake bisa ina ganin abin da ba kya gani. Kullum da hantsi hayaƙi na fita ta bayan raminsa, da ƙanshin miyar gyaɗa. Sai ya cika cikinsa sannan ya zo naku."

Ƙayoyin Bushiya suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ta ce, "Haka ne? To, madalla."

Washegari da hantsi ta wanke wa yara fuska, ta shafa musu mai. Ta ce, "Za mu je gaida maƙwabci. Kowa ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, yadda na koya muku. Wanda ya tsallake ko ɗaya, ya koma farko."

Burgu ya sauke tukunyar miya daga wuta ke nan, tana tafarfasa, sai ya ji sallama. Ya san in suka ga abinci dole ya ce bismilla, baki huɗu kuwa. Ya tura tuwo ƙarƙashin gado. Miya fa? Ba wuri. Sai ya kifa mata faifai, ya zauna a kai, ya baza babbar riga ya rufe. Faifan ya goce, rabin wutsiyarsa ya faɗa ciki tsundum.

Bushiya ta shigo ta ga tururi na fita ta ƙasan riga. Ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ina kwana, Malam Burgu?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya ruwa?"

"Ya yi gyara. To, na gode, sai an jima."

"Haba Malam, ai yara ba su gaishe ka ba. Dije, matso."

Dije ta durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya gona, yaya ƙafa, ina labari. Burgu na amsawa, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Mati ya matso ya ɗauko tun daga farko, har ya ƙara da tambayar dangin Burgu na ƙauye, ɗaya bayan ɗaya. Burgu ya fara mutsu-mutsu, idonsa ya yi ja.

Bushiya ta ce, "Malam, lafiya kake gumi haka?"

Ya ce, "Yunwa ce, yunwa ce kawai."

Ta ce, "Allah sarki. Auta, zo ka gaida Baba."

Auta kuwa bakinsa bai gama buɗewa ba. Ya ce ina kwana, ya manta na gaba. Uwar ta ce koma farko. Ya koma, ya kai ina gajiya, ya tsaya kallon ƙuda. Ta ce koma farko. Ya buɗe baki karo na uku, sai Burgu ya kurma ihu, ya yi tsalle har kansa ya bugi rufin ɗaki. Tukunya ta kife, miya ta malale, ƙafarsa ta ja tabarmar da ke shimfiɗe a tsakar ɗaki. Sai ga wani rami a ƙarƙashinta, cike da gero da dawa da gyaɗa, abin da zai ci shekara biyu bai ga ƙarshensa ba.

Ihun ya tara unguwa, har da Kunkuru mai unguwa. Bushiya ta miƙe ta nuna Burgu da yatsa. Ta ce, "Kwana ashirin kana cin rabon marayu! Ɗana yana kuka a gabanka, kana lashe hannu! Ka sa na yi wa yarona tsawa a banza, ka sa tsohuwa ta zo ƙofata ta tarar da ƙwarya wayam. Ba ka ji kunyar Allah ba?"

Burgu yana ta hura wutsiya. Kunkuru ya ce, "Bushiya, ɗebi abin da kike so."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mudu ashirin ya ci, ashirin zan auna. Ba na son ƙwaya ɗaya ta haram a tukunyar 'ya'yana."

Ta auna, yara suka taya ta ɗauka. Rumbu ya koma arba'in, kwana arba'in.

Burgu kuwa ya kwanta jinya, ko tashi hura wuta ba ya iyawa, ba kuma wanda ya leƙa shi. A rana ta uku Dije ta ce, "Inna, ina jin nishinsa ta katanga. Ina jin bai ci komai ba."

Bushiya ta ce, "Ya mutu mana! Ina ruwana?" Ta yi shara tana masifa, ta yi wanke-wanke tana masifa. Can sai ta ja tsaki, ta ɗauko ƙwaryar baƙo, tafi uku ne a ciki. Ta daka, ta dama kunu, ta miƙa wa Dije da Mati. Ta ce, "Ku kai masa. Ba don halinsa ba, don yau mai yunwa ne da gaske. Ku ajiye ku juyo. Kada wanda ya gaishe shi, ya sha gaisuwar da za ta kai shi kaka."

Shi ya sa har yau in kun ga burgu, rabin wutsiyarsa fari ne sol, inda miya ta saɓule. Kuma ba ya fitowa da rana, kunyar haɗuwa da mutane yake ji.

To, kun ji. In an ce muku bismilla, ku dubi yawan tuwon, ku dubi yawan bakunan da ke jiransa. In kuma mugu ya ci amanar alherinku, ku karɓi haƙƙinku, amma kada ku fasa ƙwaryar baƙo saboda shi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan wutsiyar Burgu. Ɗanliti, na ga ka saka hannu a kwanon ƙanwarka ɗazu, kada ka ce ban gani ba.